Tulunan Albarushi na Birnin Kandarun

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya ɓoye wuta a cikin dutse, ya ɓoye ruwa a cikin girgije, ya sanya wa kowannensu iyaka da lokaci. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban manzanni, da alayensa da sahabbansa, gwargwadon abin da ƙafa ta taka da abin da ido ya gani harshe ya kasa faɗa.

Bayan haka, ni ne Ukashatu ɗan Barmo, wanda ya bar gidan ubansa da baƙin gemu ya komo da fari. Ɗalibaina sun matsa mini in ba su labarin abin da ya fi yi mini nauyi cikin dukan abin da na gani a yawon neman ilimi. Na daɗe ina kauce musu, har na ji tsoron kada mutuwa ta riske ni labarin yana cikin cikina.

Mahaifina maharbi ne, da hannunsa yake daka albarushinsa. Kafin in sauke Alƙur'ani na riga na san warin farar wuta da gawayi, na san ɗanɗanon farin gishirin da ake haɗa su da shi, wanda shi ne ran albarushi. Na ga yadda yake zuba shi a ƙaho, ya toshe bakin da kakin zuma, ya rataye a inuwa inda raɓa ba ta kaiwa. Amma zuciyata ga littattafai ta karkata. Da na ji labarin wani shehi masanin taurari a bayan Bahar Rairayi, sai na ɗaure gafakata na kama hanya.

Na ratsa ƙasar Wailan, inda itatuwa ke janye inuwarsu daga kan maƙaryaci, har kasuwarsu ba ta ci sai a ƙarƙashin tsamiya. Na yi damina a Tudun Sarab, inda ake kama iska a ɗura a salka a sayar wa matuƙa jiragen ruwa. Daga nan na iso gaɓar Bahar Rairayi. Shi wannan bahar babu ɗigon ruwa a cikinsa, yashi ne mai laushin gari, idan raƙumi ya taka shi sai ya nutse har tozo. Ba a ƙetare shi sai a kwalekwalen fata wanda jiminu masu faɗin ƙafa ke ja.

Muna tsakiyarsa sama ta yi baƙi, aka kece da ruwa irin wanda ban taɓa gani ba. Jiminun suka tsinke igiya suka watse, mai kwalekwalen ya yi tsalle ya bi su yana kuka, ban sake ganinsa ba. Na zauna ina karanta abin da ya sawwaƙa ina jiran ajali. Da ruwan ya tsagaita na lura mutumin nan da gudu ya tafi, bai nutse ba. Na sauke ƙafa ɗaya, yashin ya riƙe ni kamar daɓe. Na ɗauki gafakata na nufi wani dutse da ke tsaye a yamma. Da na hau wani tudu na waiga, sai na hango a can gabas hayaƙin sansani ya cika gefen sama, da raƙuma dogaye kamar giginya suna kai da komo a cikinsa.

Da hantsi na iso ƙofar wani birni da aka gina a ƙugun dutsen. Masu gadi ba su dubi fuskata ba, ƙafafuna suka zura wa ido. Ɗaya ya ce, "Bawan Allah, ina kwalekwalenka?" Na ce da ƙafa na zo. Ya ruga ya hau ganuwa, sai na ji an buga tambari.

Wani dattijo dogo mai rama ya ratso taron ya kama hannuna. Ya ce sunansa Jundubu, shi ne Ma'ajin birnin Kandarun, kuma ni baƙonsa ne. A zaurensa ya warware mini abin da ya firgita mutane. Ya ce a gabashin bahar akwai wasu mahaya da ake kira Banu Sahmal, ba su noma ba su saƙa, abin da suka ƙwata shi suke ci. Yashin nan ne kaɗai ya raba su da Kandarun. Idan babban ruwa ya sauka yashin ya daskare, sai su taso. Rabon da a yi haka tun zamanin kakan ubansa.

Matarsa, wata gajeriyar tsohuwa mai suna Rumana, ta shigo da ƙwaryar fura ta dire a gabana. Ta ce, "Sha, Malam Mai Ƙafa. Kai kuma duk duniya ba ka sami tsarabar da za ka kawo mana ba sai wannan?"

Na ce, "Inna, ni ma tsintar kaina na yi."

Ta ce, "Haka kowane namiji ke faɗa."

Ma'aji ya yi murmushi, ya ce kada in damu. Ya ce a wancan zuwan kakanninsu sun fita fili da bindigogi, suka sa aka rufe ƙofar gari a bayansu don kada kowa ya yi tunanin gudu, mata na bayansu da tulunan ruwa, suka karkashe Banu Sahmal. Wannan karon ma haka za a yi, maza da mata, a rufe ƙofa. "Albarushin da muka tara tun daga ranar," in ji shi, "ya isa a yaƙi duniya. Gobe za ka gani da idonka, gobe ne ranar shayar da tuluna."

Na ce, "Shayar da me, Baba Ma'aji?"

Sai ya ba ni labari. Bayan waccan nasarar, a tsakiyar gari aka tara sauran albarushi, a cikin wani rumbu. Wata bazara mai zafi ta zo, tartsatsi ya faɗa, rabin birnin ya tashi sama da mutanensa. Waɗanda suka tsira suka yi rantsuwa albarushi ba zai sake jin zafi a Kandarun ba. Suka nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi, suka sami wani kogo a bayan ruwan da ke gangarowa daga kan dutse. Suka nemi mazubin da ya fi kowane sanyi, suka ga babu kamar tulun yumɓu irin wanda ake sanyaya ruwan sha. Tun daga nan kowane namiji idan ya balaga sai a gina masa tulu a rubuta sunansa. Kowace shekara ya daka rabonsa, ya ƙulla shi ƙulli ƙulli a tsumma, kowane ƙulli da ma'aunin harbi ɗaya da harsashinsa na dalma, ya kai kogo ya zuba. Ranar da ya mutu a liƙe bakin tulun da laka. Ba a harba bindiga a ƙasar ko da wasa, ba a fitar da ƙulli ko ɗaya sai ranar da aka hango ƙurar Banu Sahmal daga kan ganuwa. Wanda ya fasa tulu kafin ranar, ko ya aibata abin da ke ciki, hukuncinsa kisa. Kuma sau ɗaya a shekara kowane gida kan je ya kwarara wa tulunan mamatansa ruwa, don su ƙara sanyi.

Na tuna da ƙahon mahaifina da ke rataye inda raɓa ba ta kaiwa. Amma na ci gaba da shan furata, don baƙo ba ya fara gyara gidan da bai kwana a ciki ba.

Washegari gari duka ya ɗunguma zuwa kogon, mata da ƙorai, yara da butoci. Muka bi ta bayan ruwan, feshinsa na jiƙa mana riguna. Da idona ya saba da duhun sai na ga tuluna jere bisa jere, daga ƙasa har inda hasken fitila ba ya kaiwa, don fitilun ma a bakin kogo ake tsayar da su. Na ƙasa sun yi kore da gansakuka. Dukansu suna gumi. A jikin kowanne akwai wani farin abu da ya feso kamar gari. Mutane na shafa shi suna shafawa a goshi, suna kuka suna kiran sunayen iyayensu.

Na tambayi Ma'aji mene ne farin nan. Ya ce, "Furfurar kakanni ke nan. Tulun da ya fi tsufa ya fi furfura."

Na lakato da yatsa na ɗora a harshe. Wani sanyi mai ɗaci ya ratsa ni, na gane shi kamar yadda ake gane muryar uba. Gishirin albarushi ne. Tulun da ke sanyaya ruwa don yana tsatsafo da shi ne yake sanyayawa, kuma hanyar da ruwa ke bi ya fita ita yake bi ya shiga. Ruwan ya shiga ya narkar da ran albarushin, ya fito da shi waje ya shanya a bayan tulu, mutane suna shafawa a goshi.

A can gefe na ga Inna Rumana tsaye gaban wani sabon tulu ja, ƙwaryarta cike da ruwa, ta ƙi zubawa. Na ɗansu ne Awwabu, shi kaɗai Allah ya ba su bayan girma ya kama su, bana ya balaga ya cika tulunsa da ɗokin ƙuruciya, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin kaka. Wata mata ta ce mata, "Zuba mana, Rumana, mutane na kallo." Ta ce, "Su kalla. Yaron nan tun yana goye ba ya son ruwan sanyi." Ta juya ta kwarara ruwan a ƙasa.

Da muka koma gida bayan azahar, na ce wa Ma'aji ina da magana. Na faɗa masa abin da na ɗanɗana, da abin da na sani daga mahaifina. Na ce, "Wallahi Baba, abin da ke cikin mafi yawan tulunan nan ba zai kashe ko zabo ba. Idan kuka fita fili aka rufe ƙofa, yanka ku za a yi kamar tumaki, da matan da ke bayanku."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya dubi tafin hannunsa ya daɗe. Ya ce, "Shekarar da aka liƙe tulun mahaifina, da hannu ɗaya na ɗora shi a kan dutse. Bara da za a gyara wurin, mu biyu muka kama shi muna nishi."

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Ban sani ba. Nauyi na ji. Ban buɗe ba balle in sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? In tsaya gaban mutumin da ya binne ubansa jiya in ce masa abin da tsohon ya daka shekara da shekaru, yana tari yana zubar da hawaye, laka ce? Gidanmu ne ya zaɓi kogon nan, Malam. Kakana ne ya ce a sa a tulu." Ya matso ya rage murya. "Ka ci abincina. Ina roƙonka kada ka sake faɗar wannan magana, ko a gaban bango. Gobe in sa a raka ka ta hanyar dutse, ka tafi neman shehinka."

Inna Rumana tana bakin ƙofa da tsintsiya, ashe duk ta ji. Ta ce, "Ka ji ko? Shi baƙo ya tsira, mu kuma mu je mu tsaya a fili da sanduna masu rami."

Ya ce, "Rumana, shiga ciki."

Ta ce, "Ina ciki tun kafin gemunka ya fito. Me na samu?"

Ban tafi ba. Na yi ta juya al'amarin a raina, ina neman mafita a cikin abin da na karanta. Na san malamai sun ce wanda ya ga makaho zai faɗa rijiya, wajibi ne ya yi magana ko da yana cikin salla. Na kuma san ba a wajabta wa mutum ya jefa kansa ga halaka ba. Tsakanin waɗannan biyun na yi ta kai da komo, ina ganin yara suna goge bindigogin iyayensu da mai suna waƙa, masu leƙen asiri kuma kullum suna dawowa da labarin hayaƙin ya ƙara matsowa. Na gwada wani liman a keɓe, ya toshe kunnuwansa da yatsu ya ce bai ji ba. Na gwada wani maƙeri, ya nuna mini ƙofa da guduma. A wurin maƙerin nan ne dai, yana korata, ya ce in na ƙara za a ba ni zaɓin mutuwata kamar yadda ake ba kowane mai laifi. Na tsaya na tambaye shi, ya ce haka al'adarsu take tun kafin a gina ganuwa: wanda za a kashe shi ke faɗar yadda za a kashe shi.

Ranar Juma'a, da aka sallame, Sarki Haushabu yana shirin tashi, na miƙe a tsakiyar sahu. Na ce, "Ya jama'ar Kandarun, ni baƙo ne, na ci gishirinku. Albarushin da ke cikin kogonku ya mutu. Ruwan da kuke ba shi ne ya kashe shi."

Ban ƙarasa ba aka rufe ni. Wani ya fizge rawanina, wani tsoho ya tofa mini yawu yana kuka yana cewa, "Ubana kake zagi, la'ananne?" Da ƙyar dogarai suka ƙwace ni suka gurfanar gaban Sarki.

Sarki Haushabu mutum ne mai ƙiba da sanyin murya, ba azzalumi ba ne. Ya ce, "Malam, an ce kai mai karatu ne. Ka ce zafin hanya ne ya taɓa ka, in sa a fitar da kai gari."

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, lafiyata ƙalau. A fasa tulu ɗaya a gani."

Ya ce, "Ba a fasawa sai an ga ƙura."

"Ranar da aka ga ƙura, ranka ya daɗe, ina amfanin gani?"

Ya girgiza kai, ya dubi alƙali, alƙali ya ce hukuncin sananne ne. Sarki ya ce, "To zaɓi. Takobi, ko igiya, ko a jefa ka daga kan dutse."

Na ce, "Kowace na zaɓa za a yi mini?"

Ya ce, "Kowace."

"Ka rantse a gaban jama'a, don ni baƙo ne, ba ni da dangin da za su tsaya mini."

Ya ɗaga hannu ya rantse da Wanda ransa ke hannunsa. Sai na ce, "A harbe ni da bindiga, da ƙullin da aka ɗebo daga kogo."

Masallacin ya ɓarke da hayaniya. Wasu na cewa makirci ne, wasu na cewa a jefa shi kawai. Alƙali ya daɗe yana shafa gemu, ya ce al'adar zaɓi ta girmi al'adar tulu, kuma rantsuwar Sarki ta hau kansu duka. Sarki ya dube ni da wani irin kallo, ya ce, "Ka yi wayo, Malam. Allah ya sa wayon ya yi maka amfani." Ya juya ga Jundubu. "Ma'aji, baƙonka ne. Kai za ka zaɓo tulun, kai za ka ɗura, kai za ka harba."

Wannan kuwa ban lissafa da shi ba. Jundubu ya san kogon nan kamar ɗakinsa. Ya san tulun da ya yi nauyi, ya san wanda ruwa bai taɓa ba. Idan ya ɗauko jan tulun ɗansa, harbi ɗaya zai fasa mini ƙirji, sunan gidansu ya tsira, mutane su yi kabbara su fita fili. Bai dube ni ba ya fita.

Aka kai ni filin da ke gaban fada bayan la'asar, aka tsayar da ni jikin wata bishiyar kurna. Na roƙi ruwa na yi alwala, na yi raka'a biyu, ban san abin da na karanta a cikinsu ba. Gari duka ya kewaye filin. Can sai aka dare, na hango shi tafe shi kaɗai, da tulu a kafaɗa. Na ce a raina, shi kaɗai ya ɗauko, mara nauyi ne, Ukashatu kwananka ya ƙare. Na fara kalmar shahada.

Da ya matso na ga yadda yake tafiya. Ya tanƙware kamar lauje, ƙafafunsa na harɗewa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Samari biyu na biye da shi suna miƙa hannu, yana ture su da gwiwar hannu. Tulun ya yi kore da gansakuka, furfura ta feso masa ko'ina. Ya dire shi a tsakiyar fili ya durƙusa yana haki. Ya ce da ƙarfi, "Na Ma'aji Sinanu ne, mahaifina. Ba zan fara da uban kowa ba."

Ya fasa lakar bakin da dutse. Wani wari ya taso kamar na tsohuwar rijiya. Ya zura hannu, ya fito da shi baƙi ƙirin har wuyan hannu, tsummokaran sun ruɓe sun zama ɗaya da abin da ke cikinsu, harsasan sun yi fari sun manne da juna kamar ƙwan kwaɗo. Mutanen da ke gaba suka ja da baya. Wani ya ce, "Na sama ne kawai, a tona ƙasa!" Wani ya ce, "Haka yake tun asali, ƙarfi ne ya yi masa yawa!"

Sarki ya ce, "Ɗura."

Na shaida a gaban Allah Jundubu bai yi ha'inci don ya cece ni ba. Ya lalubo ƙullin da ya fi kowane bushewa a wuyan tulun, ya murtsuke shi a tafinsa, ya ɗura, ya danna harsashi da sandar ɗuri. Ya koma baya kaɗan ya ɗaga bindigar. Bakinta ya tsaya daidai ƙirjina. Ya ce, "Ka yafe mini, baƙona."

Na ce, "Na yafe, Baba."

Ya ja kunama. Ƙyastu ya buga, tartsatsi ya tashi, shiru. Ya gyara ya sake ja, shiru. A na gaba sai wani abu ya yi tsuwwa kamar an zuba ruwa a garwashi, hayaƙi mai kauri ya bulbulo, na ji an buge ni a ƙirji kamar yaro ya jefe ni da tsakuwa. Harsashin ya gangara ta kan rigata ya faɗi tsakanin ƙafafuna.

Babu wanda ya yi kabbara. Na ga dattawa suna duban goshin junansu. Sai wata mata ta ƙwala ihu daga baya, ihun makoki, sauran mata suka karɓa. Sarki Haushabu ya sauko daga kan shimfiɗarsa da kansa, ya zura hannu cikin tulun, ya daɗe yana murza baƙar lakar a yatsunsa. Ya ce a hankali, "A buɗe su duka."

Kwanakin da suka biyo baya ban ga irinsu ba, kada Allah ya sake nuna mini. Kowane gida ya kwaso tulunansa ya fasa a ƙofar gida, titunan Kandarun suka yi baƙi. Aka shanya abin da za a iya shanyawa a kan soraye, ina bi ina gwadawa da garwashi. Wanda ya bushe ma sai ya ci a hankali kamar ɗanyar ciyawa, don gishirinsa ya riga ya tafi. Abin da aka samu da rai kaɗan ne: rabon bana da bai daɗe a kogo ba, da wasu tuluna na can sama waɗanda tsofaffin mata ba su iya miƙa ƙwarya gare su, waɗanda a da ake yi wa gidajensu gorin sun wulaƙanta mamatansu. Na ce a kankare furfurar a sake dakawa, aka fara, amma aikin na watanni ne. Ana cikin haka mai gadi ya yi kira daga kan ganuwa. An ga ƙura.

Sarki ya tara manya. Aka auna abin da ke akwai, aka ga ba zai tsayar da Banu Sahmal a fili ba, amma zai riƙe ƙofar gari na wani lokaci, don mashigarta ƙunci gare ta. Aka yanke a bar birnin. Mata da yara da samari su bi hanyar dutse zuwa kwarin da ke bayansa, inda dogayen raƙuma ba su iya hawa. Tsofaffin da ba su iya hawan dutse su tsaya a ƙofa da bindigogi. Jundubu yana iya hawa, amma ya ce a rubuta shi a cikin masu tsayawa, kuma babu wanda ya yi masa gardama.

Da asuba bayan salla muka yi sallama a zaure. Inna Rumana ta fito da jan tulun rungume a ƙirjinta, ba ta bari kowa ya fasa shi ba sai ranar. Ta ajiye a gaban mijinta. Ta ce, "Ga yaron nan. Ku tsaya tare. Kada ka ba wani, kai za ka harba."

Ya ce, "To."

Ta ce, "Kuma ka ci abin da na ɗaure maka, kada a same ka da yunwa a ce ban iya riƙon miji ba."

Na ce zan tsaya tare da shi, na iya ɗuri. Ya ce, "A'a. Su waɗancan za su sake daka wani a inda za su. Ka nuna musu ƙahon nan da kakin zuma da kake faɗa. Ba za su so ka ba, Malam, kada ka sa rai. Ka nuna musu kawai." Ya ɗora mini ƙullin kayan matarsa a ka, ya tura ni waje.

Muka kama hawa, jerin mutane kamar tururuwa a jikin dutse. Babu mai yi mini magana. Wanda na matsa kusa da shi sai ya janye ɗansa. Rana ta ɗaga sosai muna kan wata doguwar gargada, sai muka ji harbin farko daga ƙasa, ya daki dutse ya dawo. Jerin duka ya tsaya. Aka sake yi, aka sake, har ya zama kamar ana sussuka. Inna Rumana ta zauna a kan wani dutse ta juya fuskarta wajen birnin, ko da yake ba a ganin komai sai hayaƙi. Duk harbin da ya yi ƙara fiye da sauran sai ta gyaɗa kai.

Dogarai suka yi ta kiran a ci gaba, mutane suka wuce mu, ni da ita muka rage a baya. Wajen azahar harbin ya fara tsinkewa, ɗaya nan, ɗaya can. Aka yi wani guda mai ƙarfi. Muka jira na bayansa. Iska ta kaɗa, wani tsuntsu ya yi kuka a ƙasanmu, muka ci gaba da jira har inuwar dutsen ta rufe mu.

Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafinta. Ta ce, "Ɗauki kayan, Malam. Yara na gaba, ba su ci komai ba."

Na ɗauka, muka bi sawun mutane.

Wannan shi ne abin da na gani a Kandarun, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa mantuwa ce ta tsufa. Allah ya jiƙan waɗanda suka tsaya a ƙofa, ya gafarta wa waɗanda suka hau dutse, da mai ba da labarin, da wanda ya saurara. Tsarki ya tabbata ga Wanda ajiyarsa ba ta lalacewa, kuma gare shi makoma take.